Famfon Zagaya Ruwan Zafi: Tambayoyin da Ake Yi Mini Duk Hunturu

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Kaduna, wajen ƙarshen Nuwamba, wayata ba ta hutawa. Mai otal yana so ruwan zafi ya kai ɗakin ƙarshe. Mai gidan bene ya gaji da tsayuwa a banɗaki da asuba yana jiran ruwa ya yi ɗumi. Mai kiwon kaji ya ga wani abu a waya yana so a haɗa masa irinsa. Dukansu a kan abu ɗaya suke tambaya, wani ɗan famfo da bai fi girman kwakwa ba. Na tara tambayoyin da suka fi dawowa, da amsar da nake bayarwa a wurin aiki.

Malam, wai mene ne aikin wannan famfon? Me ya raba shi da sumo ko busta?

Sumo yana ɗago ruwa daga ƙasan bohol ya kai shi tanki. Busta yana ƙara wa ruwa ƙarfi don ya fito da kyau a shawa. Shi wannan ba ya yin ko ɗaya daga ciki. Aikinsa kawai ya tura ruwa ya zaga cikin bututu ya dawo inda ya taso.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban bakanike ya san abin. A mota, inji ne ke zafafa ruwa, wata-fam ya tura shi lagireto, ya huce, ya koma inji. To a ƙasashen sanyi irin su Ingila da Jamus, gidan ne gaba ɗaya aka yi wa wannan haɗin: tukunyar dumama ruwa, wadda ake kira boila, ita ce injin, sannan kowane ɗaki da lagiretonsa manne a bango. Bambancin kawai, direba so yake ya rabu da zafin, mai gida kuwa zafin yake nema.

Kafin a ƙirƙiro famfon, ruwan da kansa yake zagawa, domin ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, yana hawa sama mai sanyi yana gangarowa. Amma sai da manyan bututu, kuma a hankali. A 1928 wani Bajamushe a birnin Dortmund, Wilhelm Opländer, ya ƙera na'urar da ke hanzarta wannan zagayen. Daga farkon sunayensa biyu aka samu sunan Wilo da ake gani a jikin famfunan har yau. Ɗayan sunan da za ka yawan ci karo da shi a kasuwa shi ne Grundfos na ƙasar Danmak.

To mu a Kaduna muna da bukatarsa kuwa?

Don dumama ɗakuna? Gaskiya a'a. Sanyinmu na 'yan makonni ne, da asuba yake cizo, kafin hantsi ya sake ka. Bargo mai kauri da rufe taga sun fi a fasa bango a shimfiɗa bututu a gida gaba ɗaya. Duk wanda ya zo mini da wannan maganar nakan ce masa ya riƙe kuɗinsa.

Wurare uku na ga yana biyan kuɗinsa a nan. Babban gini mai tankin ruwan zafi ɗaya, irin otal, ɗakin kwanan ɗalibai ko gidan bene mai banɗakuna da yawa. Hitar sola wadda tankinta ke ƙasa da allon da ke shan rana. Sai ɗakin rainon 'yan tsaki da ake ɗumamawa da bututun ruwan zafi.

Shawata ba ta da ƙarfi. In na sa shi za ta gyaru?

Ba za ta gyaru ba, Alhaji. Wannan ce asarar da na fi ganin mutane suna yi. Akwai wani dattijo a Malali da ya kira ni bayan ya sayi guda biyu, na farko ya ce bai da ƙarfi, ya sayo wanda ya fi shi girma, shawa tana nan tana ɗiga kamar hawaye. Da na hau na duba, tankinsa bai fi kamu biyu sama da kan shawar ba. Abin da yake bukata shi ne a ɗaga tankin ko a sa busta.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne rubutun da ke jikin kwali, wai mita 6. Sai su ɗauka ruwa zai ɗaga daga ƙasa zuwa bene mai tsawon mita 6. Ka ƙaddara guga biyu cike da ruwa a igiya ɗaya da aka sargafa a kan rijiya, ɗaya yana sauka ɗaya yana hawa. Nauyin mai sauka shi ke jan mai hawa, kai ɗan taɓi kawai kake yi. Haka ruwa yake a bututun da ke cike kuma yake zagaye. Famfon ba ya ɗaukar nauyin ruwan, gogayyar ruwa da cikin bututu da kwanoni da bawul kawai yake yaƙa. Shi ya sa ƙaramin famfo ke iya zagaya ruwa a gida mai hawa uku, amma ba zai iya cika maka tanki daga rijiya ba.

Me lambobin jikinsa suke nufi? Na ga an rubuta 25-60 180.

25 faɗin bakinsa ne a milimita, wato na bututu mai inci ɗaya. 60 na nufin iyakar ƙarfin turinsa mita 6, kamar yadda 40 ke nufin mita 4. 180 kuma tsawonsa ne daga baki zuwa baki a milimita. Akwai mai 130, gajere. In canji za ka yi, auna wannan tsawon kafin ka tafi kasuwa, in ba haka ba sai ka dawo ka tarar sai an yanke bututu.

Yaya zan san girman da ya dace da ni?

Akwai ɗan lissafi mai sauƙi. In ruwa zai fita daga tukunya ya dawo ya huce da digiri 20, kowane kilowat ɗaya na zafi yana bukatar kusan lita 43 su zaga a awa ɗaya. Tukunya mai kilowat 10 ke nan lita 430 a awa. In da digiri 10 kake so ya huce, sai ka ninka. Wannan ba wani ruwa ba ne, mai 25-40 ma yakan ɗauke shi a gida madaidaici.

Mutanenmu suna son babba, wai gara ya yi yawa. A nan yawan illa ne. Famfon da ya fi ƙarfin bututu yakan sa ruwa gudu har ka riƙa jin shuuu a bango da dare, ya ci wuta a banza, in bututun jan ƙarfe ne kuma ya riƙa cinye kwanoninsa daga ciki. Galibinsu suna da giya uku. Fara da ta ɗaya. In wurin da ya fi nisa ya yi zafi, ka bar shi a nan.

Na ga iri biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsada sosai alhali lambarsu ɗaya. Cuta ce?

Ba cuta ba ce, jikinsu ne ya bambanta. Mai arahar baƙin ƙarfe ne na zubi. An yi shi don rufaffen zagaye, inda ruwa ɗaya ne ke ta juyawa shekara da shekaru, iskar cikinsa ta ƙare, tsatsa ba ta samun abin ci. Mai tsadar tagulla ne ko farin ƙarfe marar tsatsa, an yi shi don ruwan wanka, wanda kullum sabo ke shigowa da sabuwar iska.

Na taɓa zuwa wani gida a Unguwar Rimi inda Hajiya ta tare ni da farin tawul a hannu, duk ya yi ja. Ta ce, "Malam, duba abin da ruwan zafinku ke yi mini." Wanda ya yi aikin kafin ni na baƙin ƙarfe ya ɗaura mata a layin wanka. Da na kwance shi, cikinsa ya yi kamar tsohuwar tukunyar da aka manta a bayan gida, farfelar ma da ƙyar take juyawa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. In ruwan zai taɓa jikin mutum, sayi na tagulla.

A ina ake ɗaura shi, kuma yaya ake yi?

A layin ruwan wanka, a kan bututun dawowa ake sa shi, dab da tankin ruwan zafi. Wato bututu ya fita daga saman tanki, ya bi banɗakuna har na ƙarshe, daga can wani siririn bututu ya dawo tanki. A kan wannan mai dawowar famfon zai zauna. In gidanka babu bututun dawowa, famfon ba shi da inda zai zagaya da ruwa, sai an fara jan wannan layin. A rufaffen zagaye na lagireto kuwa, ana sa shi gaba kaɗan da ɗan tankin da ke karɓar kumburin ruwa, yana tura ruwan yana nesanta shi da tankin.

Kafin komai a kashe wuta, a bar ruwa ya huce, a wanke bututun. Ruwan bohol yakan zo da yashi, masu haɗa bututu kuma sukan bar tarkace a ciki, duk a farfelar famfo suke ƙarewa. Ni ba na ɗaura shi ba tare da 'yar matata a gabansa ba.

Sai abubuwa huɗu da nake duba wa yarana a kowane aiki. Na farko kibiya. A jikin famfon akwai kibiya da ke nuna inda ruwa zai bi, a layin wanka tanki za ta kalla. Na biyu, kuma shi aka fi kuskurewa, sandar da ke juyawa a cikinsa dole ta kwanta, kada ta tsaya. Irin wannan famfon ba a sa masa man giris, ruwan da yake turawa shi ke jiƙa borisinsa yana sanyaya shi. In aka ɗaura shi kansa yana kallon sama, iska ce za ta taru a borisin sama, ya bushe, ya yi ta ƙara har ya mutu. Bututun ya tsaya ko ya kwanta duk ɗaya ne, muddin fuskar famfon tana kallonka kamar agogon bango. In bututun a tsaye yake, gara ruwan ya riƙa hawa sama, don iska ta bi shi ta fita.

Na uku, bawul biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ranar da famfon ya lalace, rufe su kawai za a yi a cire shi, ba sai an zubar da ruwan gida duka ba. A layin wanka a ƙara bawul mai hana ruwa komawa baya tsakanin famfo da tanki, in ba haka ba sai ka buɗe famfon zafi ruwan sanyi ya biyo ta bututun dawowa. Na huɗu akwatin waya. Kada ya zauna inda ruwa zai ɗiga masa. In ya faɗo a muguwar kusurwa, akwai kusoshi huɗu da ke riƙe da kan famfon, a kwance su a juya kan a mayar.

Wani ɗan abu kuma: manyan notocin da ke haɗa shi da bututu, washa ce ke tsare ruwa a cikinsu, ba farin tef ba. Sau da yawa nakan tarar an naɗa tef kamar rawani a kan zaren, an manta washar a cikin kwali. Sa sabuwar washa, ɗaure da hannu tukuna, sannan ka ɗan ƙara da sifana. Kuma bututun ruwan zafi ya zama koren nan na PPR da ake haɗawa da injin zafi, ko jan ƙarfe. Farin PVC na ruwan sanyi laushi yake yi.

An ɗaura, amma yana ƙara kamar ana tafasa wake.

Iska ce. Kada a taɓa kunna shi babu ruwa a ciki, ko na minti kaɗan ne. Bayan an cika bututu, duba tsakiyar fuskarsa, akwai wani faffaɗan sukuru. Tara tsumma a ƙasa, sassauta shi da sukudireba, za ka ji fuuu, sai ruwa ya fara ɗiga. Mayar ka ɗaure. In ruwan da zafi ka kau da fuskarka. Sababbin famfuna masu allon lantarki da yawa ba su da wannan sukurun, da kansu suke korar iskar in suka yi ɗan gudu.

In ƙarar kamar ta tsakuwa ce a cikin gwangwani, to ruwa ne ba ya isar bakinsa da matsi. Ko an bar bawul a rabin buɗe, ko matata ta toshe, ko tanki ya yi ƙasa da yawa. Rufaffen zagaye yana son allurar agogon matsinsa ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 a ma'aunin matsi da ake kira "ba" (bar) in ruwa ya huce.

Wuta nawa yake ci? In aka ɗauke wuta fa?

Tsohon samfuri mai giya uku yakan ci wajen wat 40 zuwa 100. Ka ɗauki mai wat 60: in ya kwana ya wuni yana aiki, kusan yunit ɗaya da rabi ke nan a rana, sama da yunit 40 a wata. Sababbin suna iya sauka ƙasa da wat 10. Tun daga 2013 Tarayyar Turai ta hana sayar da masu cin wutar don dumama gidaje. Ko wanne ne, ƙaramar inbata tana ɗaukarsa, amma a ba shi wayar at, wato wadda ake kaiwa cikin ƙasa don kariya, a ba shi makunninsa daban. Masu allon lantarki ba sa jure hawa da saukar wuta, sai da sitabilaiza.

Maganar ɗauke wuta kuwa, a nan nake so masu kaji su saurare ni da kyau. In hitar lantarki ce ke dumama ruwan, babu damuwa, wuta ta tafi da famfo da hita baki ɗaya. Gas ma ana iya haɗa shi ya mutu da kansa. Amma tukunyar itace ko gawayi ba ta san an ɗauke wuta ba. Famfo ya tsaya, garwashi yana nan yana ci, ruwan da ke cikin tukunya ba ya motsi. Cikin ɗan lokaci zai tafasa, kuma ruwa in ya zama tururi yakan nemi wurin da ya ninka nasa sau 1,600 da wani abu. In an rufe tukunyar ruf, bam ka ajiye a gonarka.

Wani mai gona a hanyar Mando ya kai aka walda masa tukunya da tsohon tankin gas, mai kyau da ita, aka jawo bututu cikin ɗakin 'yan tsaki. Tunanin ya yi daidai, domin 'yan tsaki a makon farko suna son zafin digiri 32 zuwa 35, kuma fitar da gawayi waje yana raba su da hayaƙin da ke kashe su, har da yaron da ke kwana da su. Amma da na zagaya tukunyar ban ga ko ƙofa ɗaya da tururi zai fita ba. Na ce masa, "Alhaji, kada a hura wuta a ƙarƙashin wannan sai na dawo." Muka ja buɗaɗɗen bututu daga samanta ya hau ya lanƙwasa a kan wani ƙaramin tanki a sama, babu bawul ko ɗaya a kansa da wani zai rufe da mantuwa. Muka ɗora famfon a kan batir da inbata. Ruwa ko bai tafasa ba yakan kumbura da kusan kashi 4 cikin 100 daga sanyi zuwa dab da tafasa, dole a ba shi wurin zuwa. Rufaffen zagaye irin na Turai yana da tankin kumburi da bawul mai buɗe kansa in matsi ya kai ba 3. Wanda ba shi da waɗannan biyun, kada ya rufe tukunyarsa.

In bar shi yana aiki dare da rana?

A otal, eh, ko kusan haka. A gida a'a. Sa masa agogon da ke kunnawa da kashewa, ya tashi kafin kiran sallar asuba, ya huta da hantsi, ya sake tashi da magariba. Amfaninsa a bayyane yake: mita 20 na koren bututu mai milimita 25 yana riƙe da kusan lita 4 na ruwan da ya huce, shi kake zubarwa kullum kafin mai zafi ya iso. Sai dai in ba a sa wa bututun rigar soso ba, zagayen zai riƙa zubar da zafin a bango da rufi, hita ta yi ta aiki, kuɗin wuta ya haura.

Kada kuma a rage zafin tanki don tsimi ya koma ɗumi-ɗumi. Akwai ƙwayar cuta mai suna Lejiyonela da ke yaɗuwa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, ana shaƙarta a feshin shawa ta kama huhu. A ajiye tanki a digiri 60. Amma ruwa mai wannan zafin yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙu, don haka gidan da ke da yara ko tsofaffi a sa bawul mai surka ruwa kafin banɗaki.

Hitar solata tana bukatarsa?

In irin wadda tankinta ke kwance a saman bututun gilashi ce a kan rufi, ba ta bukata, ruwan da kansa yake hawa. In tankin yana ƙasa, dole sai da famfo, kuma sai da 'yar na'urar da ke gwada zafin allo da na tanki ta kunna shi kawai idan allo ya fi zafi. In babu ita, da dare famfon zai kwashi ruwan da rana ta dafa ya kai shi rufi ya sha iskar hunturu.

Bara ya yi aiki lafiya, bana na kunna yana gurnani ba ya juyawa.

Wata tara ya yi a zaune. Tun Maris aka kashe shi, zafi ya wuce, damina ta wuce, datti ya kama sandar. Kashe wuta, cire faffaɗan sukurun nan na fuskarsa gaba ɗaya, za ka hango ƙarshen sandar da 'yar tsaga. Sa ƙaramin sukudireba ka juya ta hagu da dama har ta saki. Galibi shi ke nan. In ta saki amma sai an tura ta take tashi, kafasita ce ta gaji, kuma canjinta ba tsada. Don kada a maimaita, a riƙa kunna shi minti biyar kowane mako ko da a watan Afrilu ne.

In sayi na gwanjo a Panteka?

Ana dacewa. Duba allon jikinsa: mu 230 muke amfani da ita, na Amurka 115 ne, yana shan wutarmu zai ƙone. Juya sandar ka ji ko tana tafiya sumul, leƙa bakinsa ka ga tsatsa, kuma ka tabbata an haɗa maka da notocinsa biyu, don neman su daban wahala ne. Kada ka yarda mai kaya ya daɗe yana gwada maka shi a bushe.

Ɗana yana karatu a Ingila, ya ce lagireton ɗakinsa ba ya zafi. Ko za ka koya masa ta waya ya canja famfon?

Ranka ya daɗe, ba zan koya masa ba. Yawancin boilolin gidajen can na gas ne, famfon yana cikin akwatin boilar, kuma dokarsu ta ce mai rajistar Gas Safe kaɗai ke aikin gas. In haya yake, gyaran dumama gida haƙƙin mai gida ne, shi zai kira.

Abin da zai iya yi da hannunsa shi ne ya taɓa lagireton. In ƙasa da zafi sama da sanyi, iska ce, akwai ɗan makulli da ake sassauta bawul ɗin gefen sama da shi har ruwa ya ɗigo. In sama da zafi ƙasa da sanyi, laka ce ta kwanta a ciki, sai an wanke. In duk na gidan sun yi sanyi alhali boila tana kunne, sannan ne za a zargi famfo. Ya duba agogon matsi a gaban boilar, ya ɗauki hotonsa da na lambar da ke fitowa a allo, ya tura wa mai gidan tun da safe.